Ƙasar da Yaro Ke Rarrafe a Kanta

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, mutane sun ga agwaginsu na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, amma wa zai tsaya bin ba'asin mutuwar agwagwa? Ba a jima ba abin ya koma kan yara. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya ƙi abinci, sai jijjiga, sai suma, kafin a ankara an kai shi makwanci. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, wasu kuma suka ce iska. An sha maganin zazzaɓi, an sha rubutu, an yi turare, mutuwa ba ta tsaya ba.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ci karo da lamarin. Da aka gwada jinin yaran sai aka tarar cike yake da dalma. Binciken da masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Kafin a shawo kan abin, yara kusan 400 aka rasa a faɗin yankin, dubbai kuma suka tsira da gubar a jikinsu.

Daga ina dalmar ta fito? Daga tsakar gida. Farashin zinare ya tashi a kasuwannin duniya a waɗannan shekarun, manoman da daminarsu ba ta kai su ko'ina suka koma haƙar duwatsu. Duwatsun yankin kuwa, tare da zinaren, suna ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo su gida a buhu, mata su daka a turmin da ake dakan hatsi, a kai injin niƙa, a shanya garin a inda ake shanya tsaba. Ƙurar ta sauka kan tabarma, kan akushi, kan bakin rijiya. Manya suna shaƙa su tashi su ci gaba da harkarsu. Mai rarrafe shi ne yake dafa ƙasar da hannu, ya ɗaga hannun ya kai baki.

Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, kuma likitocin sun zo da shi. Sai dai sun tsaya kan magana ɗaya: ba amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi gidan da ya ɗebo gubar. Dole a fara kankare ƙasar gidan, a kwashe ta a binne nesa da gari, a zuba sabuwa, sannan magani ya yi aiki. Haka aka yi a Dareta da 'Yargalma da Abare da wasu ƙauyuka tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin aikin har farkon 2013, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin bayan matsin lambar ƙungiyoyi da matasa masu fafutuka. Duk tsawon wannan jira ga likita ga magani, ga kuma yara kusan 1,500 da ba a iya fara yi musu ba, saboda ƙasar da suke kwana a kanta ba ta sauya ba. Bayan shekara biyu, a 2015, irin wannan musiba ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Abin da Zamfara ta koyar ya wuce batun haƙar zinare. Duk maganar muhalli da lafiyar yara tana cikin wannan sharaɗi na likitocin: a gyara wurin, sannan a nemi lafiyar yaron.

Jikin yaro da na babba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a 2017 cewa yara miliyan 1.7 'yan ƙasa da shekara biyar ne ke mutuwa duk shekara saboda gurɓataccen muhalli, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen yaran wannan rukuni. Cututtukan numfashi ne a gaba da 570,000, gudawa na biye da 361,000. Me ya sa abin ya fi faɗawa kan yara alhali tare da manya suke zaune?

Dalilin yana cikin halittar jiki. Jariri yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti guda, babba kuwa sau 12 zuwa 20. Idan aka auna da nauyin jikinsa, yaro ya fi babba shaƙar iska, ya fi shi shan ruwa, ya fi shi cin abinci, don haka duk abin da ke cikin waɗannan ukun rabonsa ya fi yawa. Ga shi gajere, hancinsa na kusa da ƙasa inda ƙura ke kwanciya. Hanjinsa yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, in kuma yana fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki, tsotsewar ta ƙaru. Hanta da ƙoda, waɗanda aikinsu ne tace dafi, ba su gama ƙwari ba. Uwa-uba ƙwaƙwalwa, wadda ake kan gininta a shekarun farko. Ɓarakar da ta samu a lokacin ba ta cika ɗinkuwa ba.

Shi ya sa ƙirga gawa kaɗai ba ya nuna girman ɓarnar. Dalmar da ba ta kai ta kashe ba tana rage kaifin basira, ta kawo rashin natsuwa da wahalar karatu. Yaron zai girma a riƙa ce masa daƙiƙi, malam ya yi ta bulala a kan allon da ya kasa haddacewa, babu wanda zai kawo a ransa cewa ƙasar da ya ci yana ɗan shekara ɗaya ce sila. Masana sun ce babu wani ma'aunin dalma a jini da za a kira marar illa. Tana kuma ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, yarinya ta girma da ita, ranar da ta yi ciki ta sauko ta shiga jinin ɗan tayin. Wani rahoto da asusun UNICEF ya fitar a 2020 tare da ƙungiyar Pure Earth ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, yana da dalma a jini a matakin da ya kamata a damu.

Ba sai gida yana kusa da mahaƙa ba. Akwai ta a wasu fenti, da wuraren da ake fasa tsohon batirin mota, kamar yadda ya faru a wata unguwa a gefen Dakar ta Senegal inda yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008. Akwai ta har a cikin tandu. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun gano dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya mai wata shida, da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da ake rambaɗa masa ne, wanda gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Kaka tana sa wa jikanta kwalli don ido ya yi kyau ya yi lafiya, jaririn ya murza ido ya tsotsi yatsa.

Hayaƙin madafi

Mu leƙa wani gida da asubar hunturu. Uwargida ta shiga madafi, ta ja tabarmar ƙofa saboda sanyi. Itacen bai gama bushewa ba, sai ta yago leda ta cusa don wuta ta kama da sauri. Ta durƙusa tana fifita da faifai, idonta na hawaye, ɗan wata biyar na goye a bayanta, kansa ya langaɓe daidai inda hayaƙin ke bi ya tashi. 'Yar shekara uku ta raɓe gefen murhu tana jin ɗumi, tana jiran ɗumame. Wanda ya ɗaga kai zai ga rufin madafin ya yi baƙi ƙirin, kunkunniya na reto. Haka za a yi da rana, haka za a yi da yamma, kullum ta Allah.

A cikin wannan hayaƙi akwai ƙwayoyin toka ƙanana ƙwarai, waɗanda gashin hanci ba ya iya tarewa. Suna wucewa har ƙarshen huhu, su raunana garkuwarsa, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ake kira ciwon haƙarƙari ko namoniya, wanda iyaye ke ɗora wa sanyi, sau da yawa ta nan yake farawa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, daga ciki yara ƙanana fiye da 237,000, kuma kusan rabin yaran da namoniya ke kashewa wannan hayaƙi na da hannu a ciki. Mai ciki da ke wuni a cikinsa ta fi fuskantar haihuwar ɗa marar nauyi.

Ɗakin mai jego ma abin dubawa ne. Ana hura wuta ko a shigar da garwashi don ta ji ɗumi, a sa turaren wuta, a kunna maganin sauro, a rufe taga a toshe kafa don kada iska ta taɓa jariri. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan da niyyar kulawa ake yin sa, amma idan suka haɗu a rufaffen ɗaki, huhun ɗan kwana bakwai ne ke biya. A birni an ƙara da janareton maƙwabci da ke aman hayaƙi a gindin taga, da bolar da ake cinna wa wuta da magariba, da tayoyin da ake babbaka da su a kwata, da hayaƙin babura da manyan motoci a hanyar makaranta. Ba ƙasashe matalauta kaɗai abin ya dama ba. A Landan, wata yarinya 'yar shekara tara mai ciwon asma da ke zaune kusa da wani babban titi ta rasu a 2013, kuma a 2020 kotun binciken mutuwa ta yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abubuwan da suka kashe ta.

Sai wanda ba mu muka hura ba, wato ƙurar hunturu, wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Busasshiyar iska mai ƙura tana tsattsaga fatar cikin hanci da maƙogwaro, ga zafin bazara na biye, ga mutum goma a ɗaki ɗaya. A irin wannan yanayi sanƙarau ke yaɗuwa a yankin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, wanda ƙasar Hausa ke tsakiyarsa. Waɗanda suka ga annobar 1996 a Kano da kewaye ba su manta ba. Ƙura ba ta hanuwa, amma allurar rigakafi da rage cunkoso da buɗe taga suna hannun mutane.

Rijiya da masai

A tsofaffin unguwanninmu, inda gida ya tsage ya zama uku saboda rabon gado, fili ya yi ƙaranci har ta kai rijiyar wannan gida tana jingine da masan wancan. Ƙasa kuwa ba ta san katanga ba. Da damina ta sauka, abin da ke cikin ramin nan yana tsiyaya ya isa wancan. Wanda ba shi da rijiya yana saye wurin mai ga-ruwa, bai san inda aka ɗebo ba, bai san yaushe rabon jarkar da wanki ba. Ko da ruwan ya iso gida da tsabta, akwai randa a buɗe da moɗa ɗaya da kowa ke tsoma hannu da ita.

Daga nan gudawa take. Iyaye kan ce haƙori ne, a ɗaura laya a jira ya fito. Gaskiyar ita ce lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin da yaro ke fara rarrafe, yana kai komai baki, ana kuma fara ba shi ruwa da kunu. A tsakar gidan da kaji da awaki ke yawo, inda ake ɗaukar kashin jariri ba komai ba ne, abin da yake haɗiya a yini ba kaɗan ba ne. Gudawar da ke tafiya tana dawowa tana cinye hanji, abinci ya daina zama a jiki, tamowa ta shigo, ita kuma ta karya garkuwa, wata gudawar ta sake samun hanya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Yunwa na da babban kaso a wannan, amma yaron da ke shan ƙazamin ruwa ko an cika masa kwano ba lallai ya yi tsawo ba. Idan abin ya yi ƙamari sai a wayi gari da kwalara, kamar a 2021 da aka samu mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka mutu, akasarinsu a jihohin Arewa.

Kududdufi shi ma yana da nasa. Ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, da ya cika da ruwan sama, ya zama wurin wankan yara maza. A nan suke ɗaukar tsargiya, har a wasu wurare ana ganin fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji ne, alhali tsutsa ce ke cin mafitsararsa. A irin wannan kwantaccen ruwan sama ne kuma sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi son yin ƙwai. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma mafi yawan waɗanda yake kashewa ba su kai shekara biyar ba.

Darasin kurkunu

Mai ganin abin ya fi ƙarfin gyara ya tuna kurkunu. Dattawa sun san yadda take kwantar da gari guda a tsakiyar damina, manomi ya kasa zuwa gona, yaro ya kasa zuwa makaranta, ana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ita fiye da 650,000 a Najeriya. Kurkunu ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Da me aka kore ta? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafkin da ake sha, da masu sa kai da ke bi gida-gida. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta tsaya a kai, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya ƙauyuka yana magana da hakimai da gwamnoni. An ga mai ita na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da ita. Haka aka yi da dalmar da ake zubawa a man fetur: doka aka kafa aka daina, ƙasa bayan ƙasa, har Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021. A 2022 kuma aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili.

Nauyin wa?

Abu mafi sauƙi shi ne a ɗora wa uwa laifi, a ce ƙazanta ce ko jahilci. Amma matar da ke cusa leda a murhu ta san hayaƙi ba daɗi, kuɗin gas ne babu. Magidancin Bagega da ya kai dutse gida ba ƙin 'ya'yansa yake ba, abin da zai ciyar da su yake nema. Shi ya sa hana haƙar da ƙarfin tsiya bai yi tasiri ba, sai ma ya sa wasu ɓoye aikin da ɓoye mutuwar yaran. Abin da ya taimaka shi ne fitar da niƙan daga cikin gari, da jiƙa dutsen kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, da sa maza su yi wanka su sauya tufa kafin su shiga gida su ɗauki yaro.

Akwai rabon gida, kuma ba duka ke cin kuɗi ba: a sauke goyo a miƙa wa wata kafin a shiga madafi, a fasa taga a bangonsa, a bar itace ya bushe, a daina hura wuta da leda, a rufe randa a rataye moɗa, a zubar da kashin jariri a masai a wanke hannu da sabulu ko toka, a shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma nesa da turken dabbobi, a bar jariri kan nono zalla har wata shida. Akwai rabon unguwa: magudana, bola, cike ramuka, da tazarar rijiya da masai, abubuwan da mai unguwa da limami za su iya tsayawa a kansu fiye da kowane baƙo. Sauran na hukuma ne, kuma shi ne mafi nauyi, domin uwa ba ta iya jawo famfo, ba ta iya hana masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano sakin ruwan dafi a kogunan da ake ban-ruwan latas da kabeji da su, ba ta iya gwada fentin da aka shafa wa ajin ɗanta. Hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don irin wannan aiki take. A da akwai duba-gari, wanda jin ya shigo layi kaɗai ke sa a wanke randa a share kwata. Yau an fi ganin jami'in gwamnati ranar buɗe sabon asibiti, ga kyamara ga almakashi, alhali gadajen ɗakin yara na asibitin daga rijiya da madafi ake cika su.

Katin asibitin yaro yana da gurbin nauyinsa, da gurbin alluran da aka yi masa, da ranar da zai dawo. Ba shi da gurbin rijiyar da yake sha, ko inda yake zama idan ana girki, ko sana'ar da ake yi a tsakar gidansu. Ma'aikaciyar jinya za ta rubuta magani, uwa ta goya ɗanta ta koma inda ta fito, bayan sati uku su sake haɗuwa a layi. A Zamfara agwagi sun ba da labari tun da wuri, ba a saurara ba. Kowane gida yana da irin nasa agwagin: baƙin da ke rufin madafi, warin da ruwan rijiya ke yi bayan ruwan sama, tarin da ya ƙi barin ɗakin yara tun farkon hunturu.